Nijar: Wa zai kula da raƙuman dawan Kouré bayan ɗaukewar ƙafar baƙi?

Kimanin kilomita 60 daga birnin Yamai, a kan babbar hanyar da ta nufi Dosso, akwai yankin Kouré, inda garken ƙarshe na raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke rayuwa. Wurin ba shi da shinge ko katanga. Dabbobin na kiwo ne a tsakanin gonakin gero da wake, suna gilmawa ta bayan gidajen Zabarmawa da rugagen Fulani. Shekaru da dama nan ne wurin shan iskar ƙarshen mako na mazauna Yamai, musamman ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji. Yau waɗannan baƙi sun ɗauke ƙafa, kuma nauyin kula da dabbobin ya koma kan mutanen ƙauyukan da suka saba ɗaukarsa tun farko.

Daga 49 zuwa fiye da 600

A farkon ƙarnin da ya gabata ana samun irin wannan raƙumin dawa daga Senegal har zuwa yankin tafkin Chadi. Farauta, fari da faɗaɗa gonaki suka shafe shi daga ƙasa bayan ƙasa. Ƙidayar da aka yi a shekarar 1996 ta nuna guda 49 kacal suka rage, dukkansu a Nijar. Bayan shekaru 20 da ƴan kai adadin ya haura 600, abin da ya sa a 2018 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sassauta matsayin haɗarin da ta sanya su a ciki.

Dokar farauta ta 1998 ta haramta kashe su, kuma jami'an gandun daji sun yi nasu aikin. Sai dai doka kaɗai ba ta isa ta kare dabbar da ke kwana a gonar mutum ba. Abin da ya kawo sauyin shi ne mazauna yankin sun daina kallon raƙumin dawa a matsayin nama ko ɓarna. Ƙungiyar ASGN, wadda aka kafa domin ceto dabbobin, ta bi ta hanyar haƙa rijiyoyi, bai wa mata ƙananan rance da wayar da kan manoma. Matasan ƙauyukan kuma suka kafa ƙungiyar ƴan rakiya. Su ne ke shiga motar baƙo su kai shi inda garke yake, su ne ke taimaka wa masu ƙidaya wajen gane kowane raƙumi ta zanen jikinsa, kuma su ne ke fara jin labari idan wani ya faɗa rami ko mota ta buge shi a kan kwalta.

Wani ɓangare na wannan aiki ana biyansa da kuɗin rakiya. Mafi yawansa kuwa, wato sa ido, kai rahoto da lallashin manomin da aka cinye wa wake, aikin sa kai ne da ba a rubuta shi a kowace takardar albashi ba.

Ranar 9 ga Agustan 2020

Da safiyar wata Lahadi, ƴan bindiga a kan babura suka tare motar wasu ma'aikatan agaji da suka fito daga Yamai domin kallon dabbobin. Sun kashe mutum takwas: Faransawa shida, direbansu ɗan Nijar, da shugaban ƙungiyar ƴan rakiyar Kouré. Daga baya ƙungiyar IS ta ɗauki alhakin harin. Hukumomi suka rufe wurin, Faransa kuma ta sanya ƙasar baki ɗaya, in ban da birnin Yamai, a jerin wuraren da ta gargaɗi ƴan ƙasarta kada su je.

Harin ya zo ne a lokacin da annobar korona ta riga ta durƙusar da tafiye-tafiye. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wani sauyin: manyan masu ba da tallafi na Turai sun dakatar da wani ɓangare na kuɗaɗensu, dangantaka da Faransa ta yanke, wasu ƙungiyoyin ƙetare kuma an janye musu izinin aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan matakai, sakamakonsu a Kouré a bayyane yake. Tsarin da aka gina a kan aljihun baƙo ya wayi gari babu baƙon.

Lamarin bai tsaya a Kouré ba. Gandun dajin W, wanda Nijar ke raba shi da Benin da Burkina Faso, kuma hukumar UNESCO ta sanya ɓangarensa na Nijar cikin kayan tarihin duniya tun 1996, ya zama maɓoyar ƴan bindiga. Inda a da ake kai baƙi kallon giwaye da ɓauna, yanzu ko jami'an gandun daji ba kowane lungu suke iya shiga ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Yana da sauƙi a zauna a Yamai a yi kira ga mutanen karkara su riƙe amanar namun daji. Amma manomin yankin Kouré na biyan farashin wannan amana kowace shekara. Da damina raƙuman na hawa tudun da geza da sabara suka lulluɓe. Da rani kuma su gangara kwarin Dallol Bosso, inda itatuwan gawo ke da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka bushe. A hanyarsu suna cin wake da harawa, suna shiga lambunan mangwaro, kuma mai gona ba shi da ikon taɓa su.

A ɗaya gefen, dajin da suke dogara da shi na raguwa. Yamai na buƙatar itacen girki kullum, kuma sare itace ya fi rakiyar baƙon da ba ya zuwa kawo kuɗi. Yawan jama'a na ƙaruwa, gonaki na cin daji, garken ma ya ƙaru har yana bazuwa zuwa ƙauyukan da ba su saba da shi ba, ba su kuma taɓa cin moriyarsa ba. Matashin da ya koyi aikin rakiya, idan aka shekara babu abin sawa a tukunya, zai tafi cirani Kwatano ko Legas, ya tafi da sanin da ba a koyar da shi a kowace makaranta.

Wannan shi ne iyakar aikin sa kai. Ko a al'adar gayya, wanda ya kira jama'a su taya shi noma shi ke ba da fura da tuwo, kuma kowa ya san gobe za a zo tasa gonar. Gayyar da mutum ɗaya ke yi kullum ba tare da an rama masa ba, ba ta daɗewa.

Darasi daga jihar Maraɗi

A watan Nuwamban 2018 an kwashi raƙuman dawa takwas a manyan motoci daga Kouré zuwa gandun dajin Gadabeji da ke gundumar Bermo, tafiyar fiye da kilomita 800. An ƙara wasu huɗu a 2022. Manufar ita ce kada a tara dukkan dabbobin a wuri guda, inda cuta ko rikici ɗaya zai iya shafe su. Gadabeji ta rasa nata raƙuman tun zamanin farin shekarun 1970, kuma kafin a mayar da su sai da aka zauna da shugabannin Buzaye da Fulani makiyaya, aka ɗauki ƴaƴansu aikin sa ido. Dabbobin sun zauna, har sun fara haihuwa.

A jihar ta Maraɗi da maƙwabciyarta Damagaram ne kuma manoma, ta hanyar sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake toho a gona maimakon a tumɓuke shi, suka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Ba a biya su albashi ba. Sun yi ne saboda sun tabbata itacen nasu ne, ganyensa na dabbobinsu ne, inuwarsa ta gonarsu ce.

Idan aka kwatanta wannan da zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, za a ga bambanci. Kowace ranar 3 ga Agusta hukumomi da ƙungiyoyin matasa na fitowa dashen itatuwa, amma babban ɓangare na zoben ya tafi a yankan filaye da gine-gine, saboda babu wata unguwa da ta ɗauke shi a matsayin nata.

Baƙin gida

Abu na farko da Kouré ke buƙata shi ne tsaro, kuma wannan aikin gwamnati ne, ba na ƴan sa kai ba. Babu shugaban makarantar da zai ɗauki ɗalibai zuwa daji idan bai tabbata za su dawo lafiya ba.

Na biyu shi ne sauya wanda ake jira. Yara da yawa a Yamai sun san zaki da kura a cikin keji a gidan tarihi na Boubou Hama, amma ba su taɓa ganin raƙumin dawa yana cin ganyen gawo ba, alhali tafiyar ba ta wuce sa'a guda a mota ba. Idan hanya ta samu, ziyarar ƴan makaranta, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, ƙungiyoyin fada da na ma'aikata, a kan farashin da ɗan ƙasa zai iya biya, za ta kawo kuɗi kaɗan amma a kai a kai, kuɗin da gargaɗin wani ofishin jakadanci ba ya tsayar da shi.

Na uku shi ne a fayyace inda kuɗin ke tafiya. Ya kamata mazauna kowane ƙauye su san kason da ya shiga asusun ƙaramar hukuma, da wanda aka ware domin rage wa manomi asarar amfanin gona. Haka nan ƴan rakiyar da ke ci gaba da sa ido a kan garken na buƙatar ɗan alawus da man babur daga kasafin ƙasa, ba jiran sabon shiri daga ƙetare ba.

Nijar ta yi abin da sauran ƙasashen yankin suka kasa: ta ceto dabbar da ta kusa ƙarewa, ba tare da ta kori kowa daga gonarsa ba. Mutanen Kouré da na Dallol Bosso ne suka ɗauki mafi yawan wahalar. Ko adadin zai ci gaba da hauhawa ko zai koma baya, ya dogara ne a kan ko sauran ƴan ƙasa za su taya su ɗaukar nauyin.