Zumunci bisa taya a sararin Kanada

Mutanen jihar Saskacewan ta ƙasar Kanada suna da wata ba'a da suke yi wa ƙasarsu. Sukan ce in karen mutum ya gudu, yana iya tsayawa a ƙofar gida yana hangensa har kwana uku bai ɓace masa ba. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Winipeg zuwa Kalgari, tafiyar kilomita wajen 1300, zai gane inda zancen ya fito. Fili ne shimfiɗaɗɗe da ya ratsa jihohi uku, wato Manitoba da Saskacewan da Albarta, ga alkama dama da hagu iyakar ganin ido.

A watannin Yuli da Agusta, bayan sanyi mai daskarar da ruwa ya wuce, hanyar takan cika da wasu motoci masu kama da ɗaki. A cikin kowace akwai gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, wasu har da makewayi. Mai gida na tuƙi, uwargida na gefe, karnuka biyu sun leƙo ta taga, domin a can ana lissafa kare cikin iyali, kuma barinsa wurin masu kiwon haya kuɗi ne masu yawa. Wasu matafiyan yawon buɗe ido ya fito da su, amma da dama gida suka nufa, wurin tsofaffinsu.

Yadda dangi suka warwatsu a wannan fili yana da tarihi. A shekarar 1872 gwamnati ta yi doka mai ba baƙo gona ta eka 160, kimanin hekta 65, a kan dala 10 kacal na rajista, bisa sharaɗin ya zauna ya noma ta. Filin kuwa ƙasar ƙabilun asali ce da aka karɓa ta hanyar yarjejeniyoyi. Mutane suka kwararo daga Ingila da Jamus da Yukren, kowa ya kafa gida a tsakiyar gonarsa. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori wasu. Injunan noma suka sa mutum ɗaya na iya aikin mutum ashirin. Da aka samu man fetur a Leduk ta jihar Albarta a 1947, sai samari suka yi ta tafiya birane. Ta haka kaka ta saura a ƙauye, ɗa yana Kalgari, ƴa tana Winipeg.

Amfanin motar ɗaki a nan yake. Baƙon da ya zo da makwancinsa da tukunyarsa ba ya nauyaya wa mai masauki. Yakan ajiye motar a harabar gidan surukarsa, ya ja wuta daga bango, a ci abinci tare, a yi hira, dare ya yi kowa ya nufi shimfiɗarsa. Tsohuwar da ba ta iya ɗawainiyar mutum biyar ta samu ganin jikoki ba tare da wahala ba, karnuka kuma ba su hau mata kujera ba. Ziyarar da za ta ƙare a yini ɗaya sai ta kai mako.

Tafiyar tana da ladubbanta. Ba a rufe kare cikin mota da rana, domin zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. A gandayen dajin gwamnati dole a riƙe shi da igiya. Da yamma akan duba jikinsa saboda kaska. Direba mai hankali kuma ba ya wuce gidan mai da tanki rabi in ya bar babbar hanya, don ƙauyen da ke gaba mai yiwuwa ba a sayar da komai cikinsa.

Abin damuwa shi ne halin wanda ba shi da mota. A 1990 aka daina jirgin ƙasa na fasinja da ke bi ta Rejina da Kalgari. A 2017 gwamnatin Saskacewan ta rufe kamfaninta na safa, wanda ya yi shekara 70 yana haɗa ƙauyuka da birane, bisa dalilin cewa asara yake yi. A 2018 kamfanin Greyhound shi ma ya janye daga yammacin ƙasar. Wanda tsufa ya hana shi tuƙi, da ɗalibi, da talaka, duk sun koma jiran mai ɗaukarsu. Masu lissafin baitulmali sun ƙirga kuɗin da aka tsimin, amma jana'izar da aka rasa da majinyacin da ba a gaishe ba, babu littafin da suka shiga.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan sarari ƙafar ta koma taya, tayar kuwa sai mai hali. Shi ya sa tsohuwar da ke ƙauye, da zarar rani ya kama, take zama bakin taga tana duban ƙurar hanya, ko farar motar nan za ta kwano, karnuka na haushi a ciki.