Daga Tafkin Nyos zuwa kaskon gawayin ɗakinmu



A makon jiya wani dattijo, dillalin shanu, ya shigo shagon maganina da ke kusa da Kasuwar Shanu a Maiduguri, riƙe da hannun jikansa. Ya ce, "'Yata, ki ba mu maganin ciwon kai. Duk gidan da shi muka tashi, ga jiri, ga tashin zuciya." Na ce, "Baba, da me kuka ji ɗumi daren jiya?" Ya ce da kaskon gawayi, ƙofa da taga a rufe saboda sanyin hunturu. Nan na ajiye maganin, na ba shi labarin wasu shanu.

Ranar 21 ga Agusta, 1986, a arewa maso yammacin Kamaru, mutane sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500 suka mutu cikin dare ɗaya a ƙauyukan da ke kewaye da Tafkin Nyos. Ba gobara, ba ambaliya a gidajensu. Iska ce ta kashe su.

Tafkin yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Can ƙarƙashin ƙasa akwai dutsen da zafi ya narkar, yana ɗauke da iskar gas mai yawa. Idan ya taso sama, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai iskar ta kumbura ta yi waje da ƙarfi, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Wannan shi ne aman wuta. A Nyos kuwa, iskar kabon dayoksaid ce ta riƙa tsattsafowa a hankali tana taruwa a ƙasan ruwa shekara da shekaru, har ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwari, ta shaƙe mutane da shanu a inda suke kwance. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don rage ta.

Irin waɗannan duwatsu ba baƙinmu ba ne. Tsaunukan Biu a kudancin Borno tsoffin duwatsu masu aman wuta ne da suka daɗe da yin shiru, Tafkin Tila ma a irin wannan rami yake. Amma ba su ne abin tsoronmu na yau ba. Abin tsoron yana cikin ɗakin kwananmu.

Gawayi da janareto suna fitar da wata iskar, kabon monoksaid. Ita ma ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama wurin iskar oksijin, mai barci ya zarce bai farka ba. Yara ƙanana, masu juna biyu da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa.

Don haka, kada a kwana da gawayi a ɗaki, ko da ya daina hayaƙi. Janareto ya zauna a fili, nesa da taga, ba a zaure ko baranda rufaffiya ba. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fito da kowa waje, a buɗe ƙofofi, a nufi asibiti. Madara da manja ba sa cire wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki na iya shaƙe shi. Farasitamol zai rufe ciwon kan ne kawai.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce a bar maganin, asibiti zai kai iyalin. Washegari ya aiko jikan ya gaya mini sun samu sauƙi, kaskon kuma ya koma tsakar gida.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa.