Yafe wa Wanda Ya Cuce Ka: Fa'idodi da Illolin Koyarwar Kirista

Duk Kiristan da ya karanta Addu'ar Ubangiji a sujadar Lahadi, da bakinsa yake ɗaure gafarar da yake nema wurin Allah da wadda shi kansa yake yi wa mutane. A Matiyu sura 18, Bitrus ya tambayi Yesu ko yafewa sau bakwai ta isa, amsar da ya samu ta nuna abin ba na lissafi ba ne. Nan ne aka kawo misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, amma yana fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. Koyarwar a fili take. Abin dubawa shi ne me take haifarwa idan ta sauko cikin gida, coci da kotu.

Fa'idodi

Babbar fa'idarta ita ce katse ramuwa, wadda kowa ya san ta fi gayya zafi. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, James Wuye, wanda ke jagorantar matasan Kirista a Kaduna, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa ya koma ga abin da addininsa ya ce game da yafiya, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Fasto Wuye ya faɗa da bakinsa cewa ko bayan sun fara tafiye-tafiye tare, akwai daren da ya ji kamar ya danne Ashafa da matashin kai. Duk da haka, su ne suka shiga tsakani har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a 2005.

Ta biyu, yafewa tana ƙwato wa wanda aka cuta ikon zuciyarsa. A Yunin 2015, Dylann Roof ya harbe baƙaƙen fata tara suna nazarin Littafi Mai Tsarki a cocin Emanuel da ke Charleston, a Amurka. Kwana biyu bayan haka, wasu daga cikin iyalan mamatan suka ce masa a gaban alƙali sun yafe. Yaƙin launin fata ya so ya kunna, suka hana shi.

Ta uku, tana kare waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Da Charles Roberts ya kashe 'yan mata biyar a makarantar Kiristocin Amish a Pennsylvania a 2006, sannan ya kashe kansa, mutanen Amish sun je wa matarsa ta'aziyya, sun halarci jana'izarsa, har suka ware wa 'ya'yansa wani kaso na gudummawar da aka aiko musu.

Illoli

Illa mafi muni ita ce yadda mai ƙarfi ke mayar da koyarwar garkuwa. Binciken jaridar Boston Globe a 2002 ya bankaɗo yadda shugabannin cocin Katolika suke sauya wa limaman da suka lalata yara wurin aiki maimakon miƙa su ga hukuma. An ɗauki abin a matsayin zunubin da tuba ke wankewa, aka manta laifi ne, sai wasu yaran suka faɗa hannunsu.

A cikin gida ma haka ne. Mace ta zo da kumburarren ido, dattawan coci su zaunar da ita: "Ki yi haƙuri, 'yata, Kirista ba ya riƙo, ki koma ɗakinki." Mijin kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. An yi mata wa'azin gafara, shi ba a yi masa na tuba ba. Idan ta ce zuciyarta ba ta huce ba, sai a ɗora mata nauyi na biyu, ta riƙa ganin ita ce mai raunin bangaskiya.

Akwai kuma yafewa da yawun wani. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Afirka ta Kudu, wadda Desmond Tutu ya jagoranta, ta karɓi takardun neman afuwa sama da 7,000, ta amince da 849. Ta taimaka wa ƙasar ta tsallake wani siraɗi, amma iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata da aka kashe, sun je kotu a 1996 suna ƙalubalantar afuwar, don ba su ga dalilin da gwamnati za ta yafe jinin da ba nata ba. Ba su yi nasara ba.

A kan sikeli

Idan aka duba, illolin nan suna tasowa ne inda aka karanta rabin koyarwar. Luka sura 17 ta sa tsawatarwa da tuba kafin gafara. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga nadama ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Paparoma John Paul na Biyu ya je har kurkuku a 1983 ya gana da Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, ya riga kuma ya yafe masa, amma Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har 2000. Roof ma an yanke masa hukuncin kisa a 2017.

Saboda haka yafewa haƙƙin wanda aka cuta ne, shi zai ba da ita a lokacin da ya iya. Aikin fasto da dattawa ya fi yawa a wajen mai laifi: ya amsa abin da ya yi, ya biya abin da ke biyuwa, ya fuskanci shari'a, a kuma nesanta shi da wanda zai iya sake cutarwa. Cocin da ya fara da wannan ne kaɗai ke da bakin roƙon wanda aka zalunta ya yafe.