Gidajen Angondje: A Gyara Yadda Ake Ba da Kwangila

A 2009 Ali Bongo, tsohon shugaban ƙasa, ya yi wa mutanen Gabon alkawarin gina gidaje 5,000 a kowace shekara. Unguwar Angondje, a ƙaramar hukumar Akanda da ke arewacin Libreville, tana cikin wuraren da aka zaɓa domin cika wannan alkawari. A nan ne kamfanin ƙasar Sin ya gama filin wasan da aka buga gasar cin kofin Afirka ta 2012. Filin wasa ya kammalu a kan kari, su kuwa gidajen talaka suka yi ta jan ƙafa, har a 2016 jama'a suka kutsa cikinsu suka zauna ba da izini ba, a Angondje da kuma unguwar Bikele.

Ba ma goyon bayan mamaye gidan hukuma. Amma wanda ya yi shekara da shekaru yana biyan haya a Libreville, yana kallon ginin da aka ce nasa ne ciyawa na cinye shi, ba abin mamaki ba ne haƙurinsa ya ƙare.

A ganinmu ciwon yana wurin ba da kwangila. Gabon ba ta rasa doka ba. Dokar kwangilolin gwamnati ta 2018 ta ce a tallata aiki 'yan kwangila su yi takara, kuma abin da za a bayar kai tsaye kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Sai ga shi a 2025 gwamnati da bakinta ta ce fiye da kashi 90 na kuɗin kwangiloli an bayar da su ne ba tare da takara ba. Idan aka ba mutum aiki a ɗaki, babu wanda ya san farashin da wani zai yi shi. Ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya zuba harsashi, ya tayar da bulo zuwa taga, ya ɓace. Jami'in da ya kamata ya bi sawunsa shi ne ya kawo shi, to wa zai tuhumi wa? Daga ƙarshe magina da masu kawo siminti, ciki har da baƙi 'yan Afirka ta Yamma da ke neman abinci a can, su ake bari da bashi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san wannan labari. Najeriya ma tana da dokarta ta kwangila tun 2007, ga kuma kangwayen gidajen gwamnati a gefen hanya.

Gwamnatin shugaban Gabon Brice Oligui Nguema ta keɓe wa ƙananan kamfanonin 'yan ƙasa kwangilolin da ba su wuce sefa miliyan 150 ba. Madalla, in dai ba za a riƙa yanyanka babban aiki ana raba wa 'yan uwa da abokai ba.

Muna kira ga SNI, kamfanin gidaje na gwamnati, da ya kafa allo a bakin kowane aiki a Akanda, ɗauke da sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar gamawa. Kada a biya kashi na gaba sai injiniya mai zaman kansa ya duba ya sa hannu, kuma a riƙe kuɗin jingina har gida ya ga damina guda bai yi yoyo ba. Wanda ya gudu ya bar aiki, a buga sunansa, a hana shi wata kwangilar gwamnati.