A Auna Zafin Lambu Kafin A Dasa

Galibin masu ɗan lambu a bayan gida, in tumatirinsu ya zubad da fure bai yi 'ya'ya ba, sai su ɗora wa iri laifi, ko taki. Mu kuwa muna ganin sau da yawa laifin na wurin da aka dasa shi ne.

A ɗauki wani gida a Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, mai katangar ƙasa da darbejiya da rijiya. Fili ɗaya ne, amma zafinsa ba ɗaya ba ne. Katangar da ta fuskanci yamma takan sha ranar la'asar, ta yi ta fid da zafi har cikin dare. Da hunturu rana takan bi ta kudu, saboda haka gindin katanga ta wajen arewa yakan wuni cikin inuwa. Ƙasar bakin rijiya kuma ta fi sanyi, domin ruwa in yana bushewa yakan tafi da zafi.

To, ma'aikatan duban yanayi na filin jirgin sama sukan ce zafin Katsina ya kai digiri 40 cikin watan Afril. Gaskiyarsu ne, amma fa nasu ma'aunin yana cikin farin akwati mai inuwa, sama da mita ɗaya daga ƙasa. Shuka kuwa a ƙasa take, inda rana ke iya gasa rairayi ya wuce digiri 50. Shi ko tumatir, da zarar zafi ya haura digiri 35 sai furensa ya soma lalacewa, latas kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci.

Shawararmu ga malaman makaranta ita ce kowa ya nemi ma'aunin zafi. A zaɓi wuri uku ko huɗu cikin lambun makaranta, a rataye shi daidai tsawon shuka, a kāre shi daga rana. Yara su karanta da fitowar rana, su kuma karantawa da ƙarfe uku na yamma, su rubuta a littafi tun daga Disamba har Afril. Daga nan sai su sami Lissafi da Labarin Ƙasa da Aikin Gona cikin darasi guda, su kai dabarar gida.

Wani zai ce ai tsofaffin masu lambu sun san wannan ba da ma'auni ba. Haka ne, da tafin ƙafarsu suka san shi. Amma ilmin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari. Tun 1922 da aka buɗe Kwalejin Katsina garin nan ya yi suna wajen horad da malamai. Lalle abin kunya ne yaronmu ya haddace zafin birnin Landan, alhali bai san na bayan ɗakin uwarsa ba. Gani ya kori ji. Allah ya sa malamanmu su gwada bana.