Sai Ta Zama 'Yar Alhaji Za Mu Ga Darajarta?



Akwai wani labari da duk mun haddace, ko a finafinan Kano, ko a na Indiya da ake fassarawa, ko a littattafan soyayya. Yarinya ce 'yar aiki a gidan mai kuɗi, ba a san iyayenta ba. Ɗan gidan ya ce yana sonta, Hajiya ta ce ina, sai dai bayan ranta. A sha kuka, a sha zagi. Can a ƙarshe sai a ga wani zobe ko tabo a kafaɗarta, ashe 'yar wani hamshaƙi ce da ta ɓata tun tana goye, duk dukiyar ma tata ce. Nan take Hajiya ta durƙusa, a ɗaura aure.

Muna murna mu ce gaskiya ta yi halinta. Ni kuwa a ganina labarin nan bayan Hajiya yake bi. Ku duba fa: me ta nemi gafara a kai? A kan ta wulaƙanta 'yar babban gida ba ta sani ba. Da an bincika aka tarar 'yar mai tallan ƙosai ce, shi ke nan zagin ya halatta? Abin da ake cusa mana a hankali ke nan: talaka ba ya samun mutunci sai an gano ashe ba talaka ba ne.

Mu a Mokolo yaron da ya rabu da iyayensa ba tatsuniya ba ne. Tun 2013 aka buɗe sansanin Minawao a nan Mayo-Tsanaga, saboda waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya. Cikinsu akwai yaran da gudu ya raba da uwa da uba, wasu aka riƙe su a gidajen mutane. Ba zobe a hannunsu, ba gadon da ke jiransu. Yau sun girma, sun isa aure. Wa zai ba su? Wa zai aure su? Ga kuma tsohuwar al'ada a duwatsunmu da ta ware maƙera, sai su auri junansu kawai, har wasu suka shigo da wannan ƙyamar cikin Musulunci.

A darasin Sira mun karanta labarin Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi. An sace shi yana yaro, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya zo hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba Annabi (SAW). Da mahaifinsa da baffansa suka gano shi a Makka, suka zo da kuɗin fansa, sai ya zaɓi zama wurin Annabi (SAW). Me ya sa? Don tun kafin a san ɗan waye, an riƙe shi riƙon mutunci. Shi kaɗai ne Sahabin da sunansa ya zo a Alƙur'ani, cikin Suratul Ahzab. Ɗansa Usama kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya shawarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta aure shi. Abu Huzaifa ma ya aurar da 'yar ɗan uwansa ga Salim, wanda 'yantaccen bawa ne. Kuma sanannen ra'ayin Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, shi ne addini ake dubawa wurin dacewar ma'aurata, ba dangi ba.

Wani zai ce, to kana nufin kada a yi bincike? A yi mana. Sanin asali yana da amfani: da shi ake gane waliyyi, da wanda ya haramta a aura, da mai haƙƙin gado, shi ya sa addini ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. A binciki halin yaro, sallarsa, sana'arsa, ko zai iya ciyarwa. Amma binciken da za a dawo ana yatsina fuska ana cewa "ai ba su da asali", wannan girman kai ne aka sa masa riga.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu abu biyu. Duk wanda ke riƙon yaron da ya rabu da nasa, ya kai maganar ofishin Croix-Rouge, suna da aikin haɗa dangin da suka rabu. Sannan a nema wa kowane yaro takardar haihuwa da wuri, don in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, ga shi ana neman ta wurin rubuta jarrabawar CEP.

Mu kuma ɗalibai, waccan yarinyar da ke zama a ƙarshen tabarma, wadda ba mai zuwa ɗaukarta in an tashi, kada mu jira sai an ce 'yar wane ce. A matsa mata wuri yau.

Allah Ya haɗa kowane ɓatacce da danginsa.