Albashi Wata-wata, Haya Shekara-shekara

A Kano ko Kaduna, ma'aikaci yana karɓar albashinsa ne a ƙarshen kowane wata. Amma ranar da ya tashi kama gidan haya, kuɗin shekara guda za a nema a dunƙule, wani lokaci ma na shekara biyu, ga kuma la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ina zai samo su in ba ta adashe ko bashi ba?

A haƙiƙa, ɗan haya ne ke ba mai gida rance marar ruwa. Da zarar kuɗi sun bar hannunsa, ba shi da sauran abin matsa lamba. In rufi ya yi yoyo da damina, haƙuri kawai za a ba shi.

Masu gidaje ma suna da hujja: fitar da wanda ya ƙi biya ta hanyar kotu kan ɗauki watanni. Tun 2011 Jihar Legas ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda, amma har yau ana karya dokar, domin ba ta kawar da wannan fargabar ba.

Saboda haka majalisun jihohinmu su haɗa gyara biyu a doka ɗaya: ɗan haya ya riƙa biya wata-wata, mai gida kuma ya samu kotun da za ta yanke hukunci cikin makonni. In aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya, dokar za ta tsaya a takarda.